Ranar da Zuhura Ta Hana a Goge Muryoyin Zongo

Masu koko da ƙosai na bakin titi ba su gama hura wuta ba, Zuhura Tchakoura ta riga ta ɗare bayan zemijan, wato acaɓa, jaka a cinya, tana gaya wa mai babur ya bi ta lungun mahauta don kauce wa taɓo. Ƙarfe shida da rabi tana ƙofar gidan rediyon unguwarmu, Zongon Lomé. Ba ta shiga ɗakin da ake magana a makirfo, ba ta ma taɓa sha'awar shigarsa ba. Nata ɗakin yana can baya kusa da wurin alwala, wani ɗan tsukuku da a da ake jibge tabarmi a ciki. Tun kafin ta ajiye jaka sai ta ɗora tafin hannunta a jikin baƙar na'urar da ke kan benci, ta ji zafinta kamar yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi. Sannan ta kunna allo, ta duba lafiyar faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, ta goge danshi, ta leƙa batura. Sai bayan nan take karyawa. Shekara goma sha bakwai ke nan tana haka.

Ka tsayar da kowa a Zongo ka tambaye shi sunayen masu magana a rediyon, zai jero maka su har da kirarinsu. Ka ce masa Zuhura, sai ya ce wace Zuhurar? Wannan abu yana ba ni haushi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Domin a cikin baƙar na'urar nan muryoyinmu suke. Tafsirin azumi na malaman da suka riga mu gidan gaskiya yana ciki. Sanarwar haihuwa, ta aure, ta rasuwa, duk suna ciki. Mafi tsada kuma, hirarrakin da aka yi da dattawan da suka ga tashin tsohon Zongo daga tsakiyar gari da idonsu, suka ɗauko kwanon rufi da tukwane a ka suka zo nan lokacin wurin yana jeji. Kusan dukkansu sun rasu. Kaset-kaset ɗin da aka fara ɗaukar maganarsu a kai tuni danshin Lomé ya cinye su, Zuhura ce ta yi shekara uku tana kwashe su zuwa na'ura kafin su ida mutuwa. Babu wani kwafi a ko'ina. In na'urar nan ta tafi, sun tafi ke nan.

Ubanta ɗan ƙabilar Kotokoli ne na garin Sokodé, uwarta jikar fataken Kano. Ta yi karatun kwamfuta da Faransanci, tana zagi da Hausa, tana ciniki da yaren Mina. Ba ta da yawan magana, amma in ta buɗe baki ba ta sa wa maganar mai. Lokacin da take kafa rumbun ajiyar, ta haɗa faya-fayai shida suka zama rumbu guda, ta kuma zaɓi wani tsari da ba ya taɓa rubutu a kan tsohon rubutu. In an gyara wani abu, sai ya nemi fili mai tsabta ya rubuta sabon a can, sai ya tabbatar ya kammala sannan ya saki tsohon. Da aka tambaye ta dalili, cewa ta yi: "Garin da ake ɗauke wuta ba sallama? In ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ina so tsohon ya kasance yana nan lafiyarsa ƙalau." An ɗauke wutar kuwa, ba sau ɗari ba. Ko daƙiƙa ɗaya ta tafsiri ba ta taɓa salwanta ba.

To amma kowane tsari da halinsa. Wannan yana son sarari. Shekara biyu Zuhura tana gaya wa kwamitin rediyo cewa rumbu ya kusa cika, a ƙaro faya-fayai. Shekara biyu ana ce mata in sha Allahu. An sayi sababbin kujeru, an yi wa gaban gidan fenti kore, ita dai in sha Allahu.

Ana haka mahaifinta ya kwanta ciwo a Sokodé, ta tafi jinya. Wata biyu ta yi.

A bayanta na'ura ta soma nuna jan rubutu cewa wuri ya ƙare. Ma'aikata suka taru, suka ce abin ai mai sauƙi ne, a goge abin da ba a buƙata. Sai Malam Taufiq, mai gabatar da shirin tambaya da amsa, mutumin kirki mai tsoron Allah, ya ɗaga hannu. Ya ce mu mutane ne da in muka ga takarda a ƙasa da sunan Allah a jiki, muna ɗauka mu sa a saƙon bango, ba ma bari a taka. Yaya za a yi mu danna maɓalli mu shafe ayar Alƙur'ani? Kowa ya ce gaskiya ne. Aka yanke cewa duk abin da aka buɗe shi da Bismillah ko aka karanta aya a ciki, ba za a taɓa shi ba.

Wallahi sun yi aiki, ba za a raina musu ba. Mako uku suna zaune da abin sauraro a kunne, suna buɗe fayil ɗaya-ɗaya. Tallan sabulu, a goge. Sanarwar rasuwa, ta fara da Inna lillahi, a bari. Cigiyar akuya, a goge. Cigiyar tunkiya, mai ita ya fara da basmala, a bari. Sakamakon ƙwallo, a goge. Haka suka yi ta tsinta, nan a cire, nan a tsallake. Ba su san Zuhura ta sa na'urar ta riƙa riƙe duk abin da aka goge har kwana talatin ba, saboda masu kuskuren hannu. Da suka ga suna gogewa wuri bai buɗe ba, sai suka ƙara ƙaimi. Ƙananan fayiloli sama da dubu arba'in suka tafi.

Bayan wata guda fili ya bayyana, kashi talatin da ɗaya cikin ɗari. Aka yi hamdala. Sai aka zo gwajin ɗaukar bidiyon tafsiri, don azumi saura kwana goma sha biyu, na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Malami ya ja aya, hoto ya tsaya, murya ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa. Faya-fayan suna ƙara kamar ana niƙan tsakuwa.

Shugaban kwamiti, Alhaji Sharifuddeen, dattijo ne mai saurin yanke hukunci, ba ya son a ce masa jira. Ya aika aka kira wani dillalin kayan kwamfuta daga unguwar Avédji, Abdel, mai ƙamshin turare da wayoyi uku. Abdel ya dubi allo minti biyar ya ɗaga kafaɗa.

"C'est simple, Alhaji, abu ne mai sauƙi. Ga wuri nan kashi talatin, amma ba ta iya rubutu. Tsarin ne ya ruɓe. Wanda ya kafa shi bai san aikinsa ba. A yi fomate, a wanke ta tas, a sa sabo."

"Abin da ke ciki fa?"

Abdel ya zaro wani ɗan faifai daga jaka. Ya ce a kwashe masu muhimmanci a nan. Faifan ba zai ɗauki ko kashi ɗaya cikin bakwai na abin da ke rumbun ba. Aka zauna aka zaɓa: ƙira'o'i da tafsirin shekaru biyar na baya-bayan nan. Hirarrakin dattawa kuwa, Abdel ya kira su tsofaffin surutai, aka bar su cikin na gogewa. Aka sa ranar Asabar.

Zuhura ta sauka daga motar Sokodé ranar Juma'a da hantsi, ta bar mahaifinta ya fara iya zama. Ko gida ba ta biya ba. Ta shiga ɗakinta, ta buga umarni guda a allo, ta dubi wata lamba da Abdel bai ko san tana nan ba. Saba'in da takwas. Ta zauna ta riƙe haɓa. Da Malam Taufiq ya ba ta labarin aikin da suka yi, yana jiran ta ce sannunku, sai ta ce, "Malam, da kun bar akuyar nan da tunkiyar tare." Ta kulle ɗakin da kwaɗo, ta sa mabuɗin a lalitarta.

Asabar da safe kwamiti ya iso da Abdel, suka tarar da ita a kan kujerar roba ta tokare ƙofa.

"'Yata, buɗe mana," in ji Alhaji.

"Baba Alhaji, ina kwana. Ba zan buɗe ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan buɗe ba. Ba zan ba da mabuɗi ba, ba zan ba da lambar sirri ba. In kuna so ku ɓalle ƙofar, ga ta nan, amma ta kaina za ku bi."

Kai, ranar an ga ɓacin ran Alhaji. Ya ce rediyon ba gadonta ba ne. Ya ce ita ta kafa ruɓaɓɓen abu ta tafi ta bar su da shi, yanzu kuma ta dawo tana yi wa manya rashin kunya a gaban baƙo. Ya ce daga yau ta ɗauka ba ta da aiki a gidan nan. Ta ce ta ji, ta yarda, a kore ta, amma a saurare ta minti goma tukuna, don ko wanda za a yanke wa hukunci ana barinsa ya yi magana. Abdel ya yi dariya ya ce, "Madame, les chiffres sont là, ga lambobi nan. Kashi talatin fili."

"Kai lamba ɗaya ka karanta," in ji ta. "Ni biyu na karanta."

Ta juya ga dattawan, ta bar shi tsaye da wayoyinsa.

"Baba, ku ɗauka masallacin Juma'a ne ya cika maƙil. Sai mutum ɗaya ya fita daga wannan sahu, ɗaya daga wancan, ɗaya daga can baya, har mutum ɗari uku suka fita. In aka tambayi ladan, akwai wuri? Zai ce akwai, na mutum ɗari uku. To ga baƙi ashirin sun zo, suna so su tsaya wuri guda. Ina za su tsaya?"

Wani dattijo ya ce ai sai su rarrabu, kowa ya nemi gurbi.

"Madalla. Sai an bi sahu-sahu ana nema wa kowannensu gurbi. Haka bidiyon tafsirinku yake. Babban abu ne, yana son fili mai faɗi a jere. Filin da kuka buɗe kuwa ƙananan ramuka ne dubu arba'in, kowanne a tsakanin abu biyu da kuka bari. Sai na'ura ta daddatsa bidiyon gutsi-gutsi, ta yi ta yawo tana neman inda za ta cusa kowane gutsure. Kafin ta samo wa wannan, malami ya wuce aya uku. Lambar da na duba, saba'in da takwas, ita ke faɗin yadda filin ya wargaje. Ba abin da kuka ajiye ne ya lalace ba, ko harafi bai taɓu ba. Wurin da babu komai ne ya yayyage."

Malam Taufiq ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "To ai liman yakan ce a daidaita sahu, a cike gurbi. Kowa ya matsa, fili ya taru a baya. Ki ce mata ta yi haka mana."

"Nan ne ba ta yi, Malam. Dokarta ita ce wanda ya riga ya zauna ba a tashinsa. Wannan dokar ce ta tsare muku tafsiri shekara goma sha bakwai duk da ɗauke wuta. Ba zan zage ta yau don ta ƙi karya ta ba. Magani ɗaya ne: a gina sabon rumbu, kowa ya tashi ya shiga can a jere, na farko har na ƙarshe, ba a bar kowa ba."

Alhaji ya ce kwamiti ba shi da faya-fayan gina sabon rumbu. Ta ce ba ta tambaye su ba, ta gaji da tambayarsu. Kwana shida kawai take so. In ranar Juma'a na'ura ba ta ɗauki bidiyo sumul ba, ita da hannunta za ta miƙa wa Abdel mabuɗi ta kama gabanta. Sai Malam Taufiq ya ce shi ya jawo wannan abu da fatawarsa, kuma in an goge maganar mutanen da suka mutu alhali akwai hanyar tsira da ita, bai san me zai gaya wa Allah ba. Alhaji ya kaɗa carbinsa ya ce, "Juma'a. Ko awa ɗaya ba zan ƙara ba." Ya juya ya tafi bai yi mata sallama ba.

Akwai wani kamfanin fiton kaya a tashar jirgin ruwa da ta taɓa ceto musu takardun kwantena bayan kowa ya ce sun tafi. Sun canja na'urori a bara, tsofaffin faya-fayansu masu lafiya suna ajiye a kabad. Ta je ta faɗi buƙatarta ba kwana-kwana, suka ba ta takwas. Masu shago a bakin titi sun gan ta da azahar ɗin nan a bayan zemijan, ta naɗe faya-fayan cikin zane ta rungume a ƙirji, tana yi wa mai babur tsawa duk sanda ya nufi rami.

Ta gwada su ɗaya-ɗaya, ta yar da guda da ba ta yarda da shi ba, ta haɗa sabon rumbu. Ranar Lahadi da yamma ƙaura ta fara. Abin ba ya sauri, don tsohon rumbun sai ya bi ramukansa yana tattaro komai. Ranar Talata aka ɗauke wuta awa biyar, batura suka ƙare, komai ya mutu. Masu jiran ta kunyata suka fara murmushi a tsakar gida. Da wuta ta dawo ta buga layi ɗaya, aikin ya ɗora daga daidai inda ya tsaya. Ta fito ta yi alwala ta wuce su ta koma ɗakinta.

Alhamis da la'asar aka gama. Ba ta taɓa tsohon rumbun ba sai da ta sa na'ura ta auna kowane fayil da ɗan'uwansa ta ga sun yi daidai. Lambar nan ta faɗo daga saba'in da takwas zuwa uku. Ta raba wa ƙananan sanarwoyi nasu wurin daban, manyan bidiyo nasu daban, don kada a sake cakuɗa su. Sannan ta ɗauki jan alli ta rubuta a bangon ɗakin da manyan baƙaƙe, da Hausa da Faransanci: in rumbu ya cika kashi tamanin cikin ɗari, a ƙara faifai, kada a goge komai sai an tambaye ni.

Juma'a bayan an sauko, aka ɗauki karatun awa biyu. Ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Alhaji Sharifuddeen ya kalla har ƙarshe, ya ce, "To, Alhamdu lillahi," ya tashi. Bai ce ta yi haƙuri ba, bai ce ya janye korar ba. Ita ma ba ta tambaya ba. Litinin ƙarfe shida da rabi tana bakin aikinta. A taron ƙarshen azumi an gode wa kwamiti, an gode wa masu kawo ƙanƙara, an gode wa wanda ya ba da aron janareta. Sunanta bai fito ba.

To ni zan faɗe shi, a ji haushi in an ga dama.

Zuhura, ke ce kika zauna a kujerar roba kika tare dattawa bakwai da baƙonsu, ba don raini ba, don kin san abin da ba su sani ba kuma kin ƙi yin kamar ba ki sani ba. Ke ce aka ce ba ki iya aikinki ba a gaban mutanen da suka ci moriyarsa shekara goma sha bakwai, ba ki tsaya wanke kanki ba, kika tsaya wa matattun da ba su da bakin kare kansu. Mai duba lamba ta biyu. Ke ce kika koya mana cewa a ce akwai wuri daban, a ce wurin zai ɗauki kaya daban. Ba ki yi wa Malam Taufiq gori ba, kin san tsoron Allah ne ya sa shi, kika zaunar da shi kika nuna masa har ya gane, yanzu shi ke hana sababbin ma'aikata taɓa maɓallin gogewa.

Bayan sallah da mako biyu wata tsohuwa ta zo gidan rediyon tana dogara sanda, Hajiya Meimuna, matar marigayi Inoussa mahauci. Ta ji ana cewa muryoyin mutanen da suna nan. Ta ce shekara tara rabonta da jin tasa, ta fara mantawa da yadda take. Zuhura ta ba ta kujerarta, ta sa mata abin sauraro a kan ɗankwali, ta nemo hirar. Inoussa ya fara ba da labarin ranar da suka kwaso kaya daga tsohon Zongo, yana cewa ranar Talata ce, shi ya ɗauko gadon ƙarfe a ka tun daga can.

Tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa.

"Ji shi! Laraba ce, Malam, Laraba! Kuma gadon a kura aka turo shi, ni na bi ta a baya da ciki wata bakwai!"

Ta yi ta musu da shi minti arba'in, tana dariya, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Da hirar ta ƙare ta kama hannun Zuhura ta ce, "'Yar nan, mayar da shi farko. Ban gama da shi ba."

Wannan hirar tana cikin waɗanda aka sa ranar Asabar za a goge.

Mun gode, Zuhura. Allah ya ƙara wa mahaifinki lafiya, ya tsare miki idanunki da hannuwanki, ya saka miki da abin da mu muka kasa. Ku kuma 'yan Zongo masu karatun kwamfuta, ku je ɗakin nan na bayan wurin alwala ku zauna ku koya tun tana nan. Ku koyi karanta lambar da ba a nuna muku ba. In ranar ta zo da manya suka taru a kanku suka ce ku goge, kuma kun san akwai wata hanya, ku gaishe su da ladabi, ku ja kujera ku zauna a bakin ƙofar.